Baba Isa Ba Ya Son Kwas

Daren Laraba, Kaura Namoda, 1982

Yau Baba Isa mai tafireta ya tare ni a bakin ofis. "Ɗiyata, laifin mi na yi za a sa ni kwas? Ki roƙa mini, ina da iyali." A ganinsa ba a mayar da mai furfura aji sai ana shirin korarsa. Ni kuwa, da digirina da sabon muƙamin jami'ar horaswa, na ɗauka alheri na kawo musu. Na yi ta bayani, bai daina roƙo ba.

Sai na lallaɓa Sakatare, na ce ajin ba zai yi daraja ba sai shi ma ya zauna a benci na gaba. Mai son girma ne, ya yarda.

Baba Isa ya ce, "To, in da Sakatare, ba a korar kowa."