Autana Zai Fasa Haƙorinsa Saboda Mai Wushirya

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin manya.

Ni mai ɗinki ce. Tun ina amarya nake son waƙoƙin marigayi mawaƙin nan da ake kira Mai Wushirya. Kaset ɗinsa kullum yana kan tagar shagona, kusa da gwangwanin maɓallai. A ƙarƙashin keken ɗinkina autana ya yi rarrafe, da wannan murya a kunnensa.

Yaron ya tashi da murya mai sanyi. Da, in yana wanke-wanke, yakan ƙirƙiri waƙarsa, har da wata ta tsokanar yayarsa kan ƙona tukunya. Yanzu ya girma, yana waƙa a wuraren biki, amma komai na marigayin ne: tafiyar, karkata hular, lumshe idon. Kwanaki ya tambaye ni ko ya iya. Na ce masa wallahi kamar marigayin ya dawo. Ni yabo na nufa. Tun ranar ban sake jin waƙar tukunya ba.

Jiya yayarsa ta gaya mini ya je tambaya wurin mai gyaran haƙori, wai yana so a buɗe masa wushirya don ya samu ɗan fiton nan da ke fita in marigayin yana waƙa. Anti, haƙoran da na sha wahalar fitowarsu! Na zauna ina tunani, anya mutumin nan baiwa gare shi, ko dai muryoyin 'ya'yanmu ya haɗiye? Duk tashar da na murɗa, shi nake ji a bakin wani. Ko in zubar da kaset ɗin?

Uwar Auta

*

Uwar Auta, rubutunki ya fita sarai, kuma kada ki zubar da komai.

Marigayin yana da baiwa, kunnenki bai yaudare ki ba. Ya san inda zai ja numfashi, ya san kalmar da zai bari ta faɗi a hankali. Fiton kuwa ba fasaha ba ce, iska ce ke bi ta tsakanin haƙora. Masu kwaikwayo sun ɗauki abin da ke da sauƙin ɗauka, sun bar mai wuyar. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne bai yi kama da kowa ba, kuma wannan ba a buɗe shi a kujerar mai gyaran haƙori.

Kada ki yi faɗa kan haƙorin, zai ƙara kafewa. Ɗanki ya yi tambaya, ya riƙe amsar da kika ba shi. Ki kira shi shago, ki kashe rediyo, ki ce kin yi kewar waƙar tukunya. In ya rera ta, ki gaya masa gaskiya: marigayin kina da shi a kaset, wannan kuwa babu inda za ki same ta sai a bakinsa.

Allah ya bar miki shi da muryarsa, da haƙoransa cif.