Tuwon da Na Ƙona

Daren Talata, Balan

Yau kunama ta harbi yaron nan a gonar gyaɗa. Aka shigo da shi yana ihu, ni kuwa ina bakin murhu, surukata na zaune. Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kira ba, balle in rungume shi a gaban mutane. Na ci gaba da tuƙin tuwo.

Allah Ya sa Yaya Habu ya zo daga Toranke. Ko zama bai yi ba, ya sungume shi ya ɗora a babur, sai asibiti. Tun yaron yana rarrafe haka suke.

Da suka dawo, ina ɗaki na ji yana cewa, "Kawu, Inna ko kallona ba ta yi ba."

Yaya ya yi dariya. "Haba abokina, je ka ɗanɗana tuwon yau. Tunda nake da ƙanwata ban taɓa ganin ta ƙona tuwo ba sai yau."

Da na fito, sai ga yaron ya cinye har da ƙanzon, yana satar kallona.

Allah Ya saka wa Yaya da alheri. Ya faɗa masa abin da bakina ba zai iya ba.