Faifan Shahd Yana Rataye a Kasuwa

Ustaza Sittana, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni mai saƙar faifai ce, na rufe abinci, wanda a nan ake ce wa tabag. Da ba sana'a ba ce a wurina, abin hira ne da la'asar. Gogo ce ta koya mini, yayar mahaifina, ita ta raine ni. Sai in rina kaba ja da kore da shuɗi, in yi ta saƙa ina sauraron rediyo, in na gama in ba maƙwabciya ko mai jego. Ban taɓa kawo wa raina wani zai saya ba.

To yaƙi ya zo, muka gudu, muka dawo Umdurman muka tarar da gida kamar an share. Wurin aikin maigidana a Khartum har yau bai buɗe ba. Ƙanena Zubairu, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, ya ce zaman me muke yi ga sana'a a hannu. Shi zai nemo kaba da masu saye, 'yata Shahd ta yi rini, ni in saƙa. Na yarda. Har daɗi na ji wallahi, an daɗe ban ji hayaniyar aiki a gidanmu ba.

A nan gizo ke saƙar. A danginmu akwai zane ɗaya da ba a sayarwa, tun kakanninmu da suka taho daga yamma a ƙafa za su Makka. Duk 'yar da za ta yi aure, uwarta ce ke saƙa mata faifai ɗaya da wannan zanen, amma zagayen ƙarshe na bakinsa babbar gida ce ke yi, tana yi tana addu'a. Na Shahd tun kafin yaƙi Gogo ta matsa mini muka yi shi, ita ta yi zagayen bakinsa, don ta ji idonta na tafiya. Yanzu ba ta gani sam. Ranar da muka gudu ta bar kayan sawarta, amma faifan nan ta goya shi a baya kamar jariri.

Da Zubairu zai je Kasuwar Umdurman neman mai shago, sai ya duba fayafayan gida ya ɗauki wanda ya fi kyau don ya nuna. Ni ina gidan ta'aziyya. Kin san wanda ya ɗauka. Namiji ne, a idonsa faifai faifai ne. Mai shagon ya yaba, ya rataye shi a ƙofa, ya ce irinsa yake so, duk abin da muka saƙa zai karɓa. Zubairu ya dawo yana washe baki.

Na je da ƙafata na gani. Ga shi nan kusa da masu turare, ƙura na sauka a kansa, kowa ya wuce sai ya taɓa. Na juyo gida. Zubairu ya ce in muka karɓe shi mutumin zai ɗauke mu 'yan wasa, kuma ba mu da wani mai saye. Ni kuma kullum ina cewa yau wani zai taya mai shagon ya sallama.

Bikin Shahd bayan Babbar Salla ne. Ranar kai kaya Gogo za ta ce a miƙo mata faifan ta shafa, haka ake yi. Tsoro nake ji, Ustaza. Ina tsoron matar da ta raine ni ta ce mini Allah ya isa. Ina tsoron cinikin ya kuɓuce mu koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Har zuciya ta raya mini in saƙa wani sak irinsa a ɓoye, tunda ba ta gani. Na ma fara cibiyarsa. In ci gaba ne?

Mai Faifai, Umdurman

'Yar'uwa, ki ajiye basillar nan tukuna, ki sha ruwa.

Zubairu bai yi don mugunta ba. So yake gida ya tsaya da ƙafarsa, kuma ya yi gaskiya, abin da ke hannunki sana'a ce. Gaggawa ce ta ja shi. Gogo ma ban ji kin ce ta hana ciniki ba. Abu ɗaya aka ce ba na kasuwa ba ne, kowane gida kuwa yana da irin nasa.

Gobe da safe ki tafi da Zubairu, ki riƙe mafi kyawu cikin sauran fayafayanki, ki gaya wa mai shagon gaskiya: wancan kayan auren 'yarki ne, kuskure ya kawo shi, zanensa ma ba na sayarwa ba ne. Shi ma ɗan mutane ne, ya san kayan amarya. Hannunki ya yaba, hannun kuwa yana jikinki. Ba zan ɓoye miki ba, yana iya yin fushi ku sha wuya na ɗan lokaci. Amma Kasuwar Umdurman ba shago ɗaya ba ce, ga kasuwar Suk al-Shabi ma tana nan.

Daga yanzu na gida ya shiga adaka, na sayarwa ya zauna a fili, kuma kada kome ya fita sai da saninki. Kada ku yi alkawarin abin da ya fi ƙarfin hannuwanku, garin sauri aikin zai lalace. Ki koya wa Shahd saƙar ma kafin ta tafi ɗakinta.

Sannan ki zauna kusa da Gogo ki faɗa mata duka, tun ba ta ji a bakin maƙwabta ba. Za ta yi faɗa, ki sunkuyar da kai ki shanye. In ta huce, ki roƙe ta ta tsara muku zanen kasuwa da bakinta, ta sa masa albarka.

Cibiyar da kika fara kuwa ki warware ta yau. Kin ce ba ta gani. Matar da ta yi zagayen nan da yatsunta, ta goya shi ta gudu da shi, kina zaton yatsun sun manta? Ba Allah ya isa nake jiye miki ba. Abin da nake jiye miki shi ne ranar biki ta shafa bakin faifan ta gane, ta yi murmushi saboda idon jama'a, ta miƙa wa Shahd ba ta ce miki uffan ba. Faɗa yana wucewa, wannan shirun kuwa har ki tsufa kina jin sa.

Ki je ki sauko da faifan 'yarki. Allah ya buɗa muku kasuwa, ya sanya albarka a auren, ya ƙara wa Gogo yawancin rai.

Ustaza Sittana