Ɗinkin Wayar Jan Ƙarfe

Djougou

Ƙanena Awalu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya su Hamida? Ga motar gidanmu na aiko maka. Mun sa mata sabuwar bamba a gaba, baƙa wuluk, sauran robobin kuwa rana ta cinye su, sun yi fari fat kamar toka. Ka gasa su da wutar nan taka, baƙinsu ya dawo, kada a gane sabuwa da tsohuwa. Ka shigar da ita cikin garaji, ban da bakin titi. Kada ka kira ni a waya.

Yayarka,
Lubabatu

Banikanni, Parakou

Yaya Lubabatu,

Wa alaikumus salam, muna lafiya. Mota ta iso, amma ban kunna wuta ba. Ke da ko madubi ya fashe sai an shekara ana roƙonki ki canza, yau ke ce da sabuwar bamba? Ina tsohuwar, wadda na ɗinke da wayar jan ƙarfe bara?

Ina tambaya ne saboda an buge Maazou, ɗan zem, wato ɗan acaɓa, na unguwarmu, a hanyar Djougou ran kasuwa, mai motar ya gudu. Yana asibiti, bai farfaɗo ba. Wa ya tuƙa motar ran kasuwa?

A gaida yara.
Awalu

Djougou

Awalu,

Gaisuwa. Aiki na ba ka, ba alƙalanci ba. Taufiƙ ne, ka ji daɗi? Ɗana ne, kai ka yi masa huɗuba a kunne. Tun ranar ba ya ci, ba ya barci. Don girman Allah ka gasa robar nan.

Lubabatu

Banikanni

Yaya,

Ina gaisuwa, zuciyata ba daɗi. Jandarmomi suna zaga garaji-garaji da guntun bambar da aka tsinta a wurin. Da ɗinkina a jiki, kuma kowane bakanike a Banikanni ya san hannuna. Sun ce gobe in faɗi motar wa na ɗinke, ko su tafi da ni. Ba zan yi ƙarya ba, kuma bakina ba zai iya kiran sunan Taufiƙ ba. Uwar Maazou a ƙofata take wucewa zuwa asibiti kullum.

Ƙanenki,
Awalu

Djougou

Awalu,

Salama. Bar robar yadda rana ta bar ta. Wanda ya miƙo maka wannan takarda Taufiƙ ne. Ka ba shi abinci tukuna, sannan ka raka shi wurin jandarmomi. Kada ka saki hannunsa a ƙofa.

Allah Ya tashi kafaɗun Maazou.
Lubabatu