Ba Zan Bari a Goge Agogonka Ba

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar zuciyata, mijina,

Saƙonka ya iso. Wai in kai agogonka na zinariya a goge shi tas, in ba ƙaninka ya taho maka da shi. Haba, rabin raina! Tun da aikin nan ya ɗauke ka, ashe kewar agogo ta riga tawa kama ka?

Ka bar shi a akwatinsa, ka manta irinsa da motsin hannu yake tafiya. Ran da na buɗe na tarar ya tsaya cik. Na ɗaura shi. Ya yi mini yawa, yana ta yawo a tsintsiyar hannuna, amma da shi nake wanke-wanke, da shi nake shanya, don kada shi ma ya yi shiru a gidan da shiru ya riga ya cika.

Jiya na kai shi wurin mai gyaran agogo. Ya maƙala gilashi a ido, ya jujjuya shi, ya ce karcen zai fita, amma kowace guga da ɗan naman zinariyar take tafiya. Har ya kunna injin, na fizge abina! Ya bi ni da kallo kamar ya ga zautacciya.

To me zai goge? Dogon layin nan na gefe? Ƙarfen gadon asibiti ne, ranar da na damƙe hannunka ina naƙuda, ina rantsuwar ba zan ƙara ba, da jaririyar ta fito kuwa ka fi ta kuka. Lotsawar kusa da maɓalli, ƙofar kicin ce, da ka biyo ni a guje don na ɓoye maka makullin mota. Ƙananan da ke kan sarƙar nawa ne, ban musa ba: bakin tukunya, kan famfo, da haƙoran 'yarka da suka fito ba ka nan. Su za a shafe, a miƙo maka shi yana ƙyalli kamar bai taɓa zama da mu ba?

Tsoro nake ji, hasken ɗakina. Takalmanka sun tafi, littattafanka sun bi su, duk zuwan ƙaninka sai wani abu naka ya bar gidan nan. Agogon kaɗai ya rage. In shi ma ya tafi, me zai dawo mini da kai?

Don haka ƙaninka zai iso maka hannu rabbana. Ka yi fushi in ka ga dama, amma ka zo ka yi shi a gabana. Agogonka na nan a hannuna, yana tafiya da duk tabonsa, kuma babu mai kwance shi sai kai.

Taka har numfashina ya tsaya,
Matarka.