Kyallayen Adakar Inna

Asabar, 1 ga Yuli, 2023

Baƙin Sallah sun watse. Ƙanena Nababa ya koma Dawanau wajen buhunan hatsinsa, autarmu Zakiyya ta koma birni gidan mijinta. Kwana biyu suka yi, suka kwashi albarka har da guzuri. Ni kuwa da na shekara uku ina wanke Inna, ina ba ta abinci a baki, a gabana ta tambayi Zakiyya, "Wace ce wannan baiwar Allah? Tana da kirki, sai dai hannunta da nauyi." Zakiyya ta yi dariya. Ni ma na yi, to me zan yi?

Zakiyyar ta kawo wa Inna bargo mai laushi, irin na cikin jaka mai zif. Sai da ta shimfiɗa mata ta ɗauki hoto kafin ta shiga mota. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Litinin, 3 ga Yuli

Inna ta ƙi bargon. In na rufa mata sai ta ture, wai ba nata ba ne, a mayar wa mai shi kada a ce ta yi sata. Ga ruwa kullum, ɗakin ya ɗauki sanyi, tarinta ya dawo. Tun da ruɗewar nan ta kama ta, abin da ba ta sani ba ba ya taɓa jikinta. Ni kaɗai ce baƙuwar da take bari, ita ma don ba yadda za ta yi.

Laraba, 5 ga Yuli

Na buɗe adakarta in nemo tsohon zani mai kauri. Ashe gara ta riga ni. Zannuwa sun fi ashirin, babu ɗaya da ya tsira, kowanne an ci tsakiyarsa an bar gefe. Na zauna ina kallonsu, sai dabara ta zo mini: in yanke wuraren da suka rage, in harhaɗa su su zama mayafin kwanciya. Kayanta ne, ba za ta ce na wani ba ne.

Na yanki kwalin sabulu daidai tafin hannuna, da shi nake awo. Keken ɗinki ba zai yiwu ba, ƙararsa tana firgita ta. Sai allura, da waɗannan idanun nawa da sai na yi zira uku kafin zare ya shiga.

Juma'a, 14 ga Yuli

Abin mamaki, ko in ce abin haushi. Matar da ba ta san ko ta ci abincin rana ba, ta san kowane kyalle. Tana zaune kusa da ni a tabarma tana tsinta. Ta ɗauki wata koriyar atamfa mai zanen ganye ta ce na sunan Nababa ne, ranar an yi ruwa har tukwane suka cika a tsakar gida. Ta ɗauki ja ta ce ankon bikin Zakiyya. Shuɗi mai ɗigo-ɗigo kuma wai da shi ta kai Uwaisu asibiti, ɗan'uwanmu da ya rasu yana shekara huɗu.

Na jira. Kyalle ya kai arba'in ta bi ta kansu.

Ni ce 'yar fari. Shekarata arba'in da shida, ban taɓa jin Safiyatu a bakin Inna ba. Kunyar ɗan fari, an ce. Ana yaye ni aka kai ni riƙo gidan Goggo Ikilima a Minjibir, sai da Sallah nake ganin uwata, tana kallon gefe tana ce mini "ke". Da can ina lallashin kaina cewa al'ada ce, a ciki ina nan. To yanzu tsufa ya cire mata kunyar komai. Tana cin abinci da hagu, ta zagi ladan ta katanga, ta ce wa surukinta ƙaton banza. Da ina ciki, da sunan ya faɗo tare da sauran. Bai faɗo ba.

Lahadi, 23 ga Yuli

Layi huɗu. Kusurwoyin sun ƙi haɗuwa, tsohon yadi yana miƙewa yadda ya ga dama. Na bar su haka, ba gasar kyau za a kai shi ba.

Talata, 1 ga Agusta

Na yi abin da na san bai kamata ba. Ina taje mata kai na ce, "Inna, 'ya'yanki su waye?" Ta ce Nababa, da Zakiyya, da Uwaisu, Allah ya jiƙansa. Na ce shi ke nan? Ta ce in yi a hankali, ina ja mata gashi.

Har wanda yake kabari shekara talatin da wani abu an lissafa.

Alhamis, 10 ga Agusta

Na fita duba tuwo, kafin in dawo ta warware mini layi guda cur, aikin kwana biyar, tana neman jan kyallen Zakiyya ta ɓoye a haɓar zani. Raina ya ɓaci. Na ƙwace, na ce mata, "Ni ce Safiyatu. Ni kika fara haifa. Zakiyyar taki tana can tana kallon talabijin." Da ƙarfi na faɗa, na san maƙwabta sun ji.

Ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ba ni ruwa."

Na ba ta. Na yi istigfari bayan la'asar, amma gaskiya bakina ne kawai ya yi.

Asabar, 19 ga Agusta

Zakiyya ta kira. Ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, lada kike sha." Na ce ladan ya yi mini yawa, ta zo ta ɗebi nata. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Nababa ya ba ta labarin mayafin, shi ne take cewa wai bayan ran Inna a ajiye mata shi, tunda duk tarihinsu ne a ciki. Tarihinsu. Ba ta ma ji abin da ta faɗa ba, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Na yanke shawara, na kuma gaya musu su biyun. Ranar da na ɗinke bakin mayafin nan zan koma ɗakina a Minjibir, wajen ɗana Najib da jikokina da suka san sunana. Su zo su karɓi uwarsu. Wata uku-uku ko yadda suka ga dama. Nababa ya fara kawo mini hadisi, na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, na kashe wayar.

Inna ba za ta san na tafi ba. Wata baiwar Allah ta tafi, wata ta zo.

Litinin, 28 ga Agusta

Na sa wa mayafin tsohon zanen gadona daga ciki don ya yi nauyi, na bi shi da ɗinki layi-layi. Na gwada rufa mata haka ba baki. Ta shafa, ta shafa, ba ta ture ba. Tarin ma ya yi sauƙi.

Saura layi ɗaya da baki. Kyallaye sun ƙare. Gero ya fitar da kai, kafin a yanke shi ina gida.

Laraba, 30 ga Agusta

Ban san yadda zan rubuta na yau ba.

Da hantsi na kifar da adakar ko zan samu ragowar da zan cike layin ƙarshe. Daga can ƙasa, ƙarƙashin takardun da aka shimfiɗa, wani ƙunshi ya faɗo, leda cikin leda, an ɗaure da zare. Gara ba ta kai gare shi ba. Majanyi ne na saƙi, baƙi, irin saƙar hannu ta da, duk ya koɗe a tsakiya. Ban taɓa ganinsa ba. Na auna da kwalina, zai ba ni guda shida, daidai abin da nake nema.

Na sa almakashi ke nan Inna ta fizge shi. Ban san tana da sauran wannan ƙarfin ba. Ta cusa shi ƙarƙashin cinya ta danne.

A lokacin Baba Mairo ta shigo gaishe ta, maƙwabciyarmu, tare aka kawo su garin nan suna amare. Ta ga bakin majanyin ya leƙo, ta tsaya tana kallo. Sai ta zauna ta ce wa Inna, da tsokanarta ta kullum, "Aishatu, wannan kuma na goyon waye?"

Inna ta ja bakin zani ta rufe baki. Ta sunkuyar da kai kamar yarinya. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Mairo, ba ki da ta ido. A gabanta za ki tambaye ni?"

Mu uku ne a ɗakin.

Da na raka Baba Mairo zaure ta ce da shi aka goye ni, kuma ba a sake goya kowa da shi ba. Wai ranar da aka kai ni Minjibir, Inna ta je har bakin gari a bayan masu rakiya, tana cewa itace za ta samo. Na ce mata na ji, tuwona zai kama. Ban ɗora tuwo ba.

Da na koma ɗaki Inna ta ce, "Baiwar Allah, ba ni ruwa." Na tsaya da kofin a hannu na daɗe.

Lahadi, 3 ga Satumba

Ba wai na huce ba ne. Shekara arba'in da shida ba sa gyaruwa da magana ɗaya, wadda ma ba ni aka yi wa ba. Jiya ma ta tofa mini koko a jiki, ta ce hannuna da nauyi.

Majanyin yana ƙarƙashin matashinta, ban yanka ba. Layin ƙarshe na cike shi da wani tsohon zanena, ta shafa wurin, ba ta kuma ture ba.

Nababa ya kira, wai ran Juma'a zai kawo Zakiyya ta karɓe ni, yana tambaya ko na gama. Na ce masa mayafin ya yi gajere, ƙafafunta suna fitowa. Sai na ƙara layi biyu, wataƙila uku. Ya ce ai da keke kwana ɗaya ne. Na ce ɗinkin hannu ne, ba a yi masa gaggawa.