Gurbin Niƙanki a Kan Dutsen Kwatarkwashi

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da ladabi daga ɗanki Garba tela, Sabon Garin Gusau. Bayan gaisuwa, na rubuto ne in shaida miki na isar da aiken da kika ba ni, ko da yake sai da aka yi sadakar arba'in ɗinki sannan ƙafata ta ɗauku.

Kin ce in hau dutsen Kwatarkwashi in ga yayarki, Inna Kande, in gano ko har yanzu tana sa ki cikin 'yan gida. Shekara talatin da kika sauko kika auri Baba, kika bar su da al'adunsu na kaka da kakanni, ko gaisuwa ba ta taɓa aiko miki ba. Ke kuma kullum maganarki ɗaya: "Ita ta fara rufe baki." Taurin kai dai na gidanku ne, ga shi ni ma na kwaso.

Motar gyaɗa na bi, ta sauke ni a gindin dutse. Kin sha gaya mana da tulu a ka kike hawansa. To, ni da ƙunshi ɗaya sau huɗu na zauna. Takalmin da na sa don a san daga birni nake, a hannu na ƙarasa da shi.

Garin ya rage, Inna. Yawancin mutane sun sauko kusa da gonaki da hanya. Tsohuwar ganuwar duwatsu tana nan, rumbuna na zaune a kan fa, mikiya na ta shawagi, amma gidajen da ake hura wuta kaɗan ne.

Idon Inna Kande ya yi rauni. Da jin muryata ta gane jininki ne, ta ambaci sunanki na ƙuruciya, wanda bakina ba zai iya maimaitawa ba. Ban faɗa mata rasuwarki ba tukuna, sai na miƙa tsaraba: goro, sabulu, da garin inji. Ashe garin nan wauta na yi. Ta shinshina, ta ture, ta ce warin mai yake yi.

Ta kama hannuna, wai ta nuna mini inda ake gari na gaskiya. Bayan gida, a jikin fa, ga guraben niƙa a jere, duk sun yi sumul. Kowace mace da nata, kuma ba a niƙa a gurbin wata muddin tana da rai, ko ina take. Ɗaya na rufe da sabon faifai, an danne da dutse, an share kewayensa tas. Naki ne. Duk shekara da kaka Inna Kande take saƙa masa sabon murfi.

A nan na faɗa mata kin rasu, a tsaye, ba wata dabara. Sai ta durƙusa ta ɗage faifan, ta shafe gurbin da tafin hannunta, ta kira surukarta ta kawo gero. Ni na juya baya, don kuka ya ci ƙarfina.

Amsarki ke nan, Inna. Ba ta cire ki ba ko na rana ɗaya. Tafiyar yini guda ce tsakaninku, kuma na ji haushinku ku duka biyun, na ji haushin kaina da ban hau da wuri ba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya ba yayarki haƙurin da ni har yanzu nake nema.

Ɗanki mai kewarki,
Garba